Yadda muka sayi gida a wani ƙauyen masunta a gaɓar tekun Aceh

Tun da 'yan'uwanmu masu karatu a Malesiya da Indonisiya suka ji cewa na zauna da iyalina a wani ƙauyen masunta a gaɓar yammacin Aceh, wani lardi na ƙasar Indonisiya, tambaya ɗaya suke ta maimaita mini, wato ko ɗan Najeriya zai iya sayen fili ko gida a can. Gaskiyar magana ba zai iya ba, muddin irin mallakar da muka sani a gida ake nufi. Dokar filaye ta Indonisiya, wadda aka kafa a 1960, ta keɓe cikakkiyar mallaka, da suke kira hak milik, ga 'yan ƙasa kaɗai. Baƙo yana iya kama haya, ko ya nemi izinin amfani na wasu shekaru a kan gidan da farashinsa ya kai wani mizani da gwamnati ta gindaya, kuma da wuya a sami gidan ƙauye da ya kusanci wannan mizani. Gidan da muke ciki na matata ne, 'yar ƙauyen ce, a Banda Aceh, babban birnin lardin, muka haɗu lokacin da nake karatu. Amma ko ita ɗin, aurenta da ni ya sa sai da aka bi wata hanya ta musamman kafin sunanta ya hau takarda.

Kafin maganar fili ta taso sai da na fara neman izinin zama. Najeriya tana cikin 'yan tsirarun ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza sai an yi musu tantancewa ta musamman a Jakarta, saboda haka bizar da wani zai samu cikin kwanaki mu takan ɗauke mu makonni. Matata ce ta tsaya mini. Ta gabatar da littafin aurenmu da ofishin harkokin addini ya bayar, da katin shaidarta, da katin iyali, da bayanin asusun banki, da wasiƙar ɗaukar nauyi, aka kuma kira ta aka yi mata tambayoyi a kaina. Ina Kano a lokacin, abin da nake yi kawai duba waya. Da bizar ta fito na shiga ta Jakarta, daga nan na hau jirgin cikin gida na kusan awa uku zuwa filin jirgin Sultan Iskandar Muda da ke Blang Bintang. A ofishin shige da fice na Banda Aceh aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka ba ni izinin zama na wucin gadi, wanda kowa ke kira KITAS. Wanda aurensa ya cika shekara biyu yana iya neman a mayar masa da shi na dindindin, wato KITAP, mai shekara biyar. Bayan wannan akwai takardar shaidar wurin zama daga ofishin rajistar jama'a na gundumar. Mutane da yawa sukan yi sakaci da ita, alhali banki da ofishin haraji duk sai sun nemi ganinta.

A nan ne mai zama a gaɓar yamma zai fara sanin nisan hukuma da shi. Ƙauyenmu yana cikin gundumar Aceh Besar, hedikwatarta kuwa Jantho ce, can cikin tuddai nesa da teku. Dole sai mutum ya taso arewa zuwa Banda Aceh, ya kama hanyar Medan, ya karkata a Seulimeum, sannan ya isa. Akwai sabuwar babbar hanya ta biyan kuɗi, amma ba a barin babur ya hau ta, mu kuwa a lokacin babur ne abin hawanmu. An kawo wasu ayyukan gundumar Lambaro kusa da birni, don haka a tambaya tukuna kafin a kama doguwar hanya. Ranar Juma'a ba ranar zuwa ofis ba ce, domin tun kafin rana ta take tsaka ake fara rufewa, shaguna da gidajen mai ma haka, sai an sauko daga masallaci.

Hanyar da ta haɗa mu da birni ita ce wadda Amurka ta ɗauki nauyin ginawa daga Banda Aceh zuwa Calang bayan igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta share tsohuwar. Hanya ce mai kyau da faɗi. Daga birni ana wuce Lhoknga inda masana'antar siminti take, sai Leupung, sai Lhok Seudu inda mata ke rataye busasshen kifi a rumfunan bakin titi, sannan a fara hawan duwatsun Paro da Kulu, gaba kuma akwai Geurutee inda titi ke bin gefen dutse teku na can ƙasa. Motar haya da aka fi dogara da ita ƙaramar bas ce da ake kira L300, ana buga wa direba waya ya zo har ƙofar gida, kuma yadda ake cusa mutane da kaya a cikinta bai bambanta da motar Kano zuwa Zariya ranar jajiberen salla ba. Haɗarin hanyar da dare shanu ne, domin sakinsu ake yi, su kuwa sukan kwanta a kan kwalta saboda ɗumin da ta riƙe. Lokacin ruwan sama kuma ƙasa takan zaftaro a kan duwatsun ta tare hanya.

Ranar da na isa ƙauyen, kafin in kwance kayana surukina ya kai ni gaban dagaci, wanda suke kira keuchik. Ƙa'ida ce baƙon da zai kwana ya sanar cikin awa ashirin da huɗu. Aka kwafi fasfona, aka rubuta sunana a littafi, aka gabatar da ni ga limamin meunasah, wato ƙaramin masallacin da shi ne kuma zauren taron gari. Wannan ziyara ba ta ci ko rupiya ɗaya ba, amma daga baya na ga cewa duk takardar da muka nema a sama sai da aka tambayi sa hannun mutumin nan a ƙasanta.

Mun zauna a gidan surukai muna neman wuri. A ƙauye babu dillali mai ofis, babu allon sayarwa. Labarin fili a shagon kofi ake jinsa, inda maza ke taruwa bayan sallar asuba da bayan isha'i, kuma surukina ya hana ni buɗe baki a kan maganar, domin da zarar an ji baƙo ne ke nema farashi zai tashi. Wuri na farko da aka nuna mana wani fili ne mai itatuwan kwakwa dab da yashin teku, kyakkyawa ƙwarai, kuma da araha. Dagaci ne ya ce mu bar shi, saboda doka ta keɓe aƙalla mita 100 daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika, ba a yarda a gina gidan zama a ciki ba. Surukata kuwa wani dalili ta kawo. Ta ce kada mu zauna inda tsohuwa ba za ta iya kaiwa tudu da ƙafarta cikin 'yan mintoci ba. Kimanin mutum 170,000 ne suka mutu ko suka ɓace a Aceh a waccan ambaliya, kuma a ƙauyukan wannan gaɓa da wuya ka shiga gidan da bai rasa kowa ba. Wuri na biyu yana gindin tudu kusa da alamar hanyar tsira. Ɗaya ne daga cikin gidajen agaji da aka gina bayan ambaliyar, masu faɗin murabba'in mita 36, ɗaki biyu da falo. Hukumar sake gina Aceh, wadda ta yi aiki daga 2005 zuwa 2009, ta kula da ginin irinsu kimanin 140,000, kuma wasunsu babu kowa a ciki domin waɗanda aka gina wa sun koma birni.

Kafin mu ba da ko kafin alƙalami muka je wurin notaris a Banda Aceh, wato masanin shari'ar da gwamnati ta ba hatimin rubuta yarjejeniyoyi. Mace ce, kuma tambayarta ta farko ita ce ko muna da yarjejeniyar raba dukiya. A dokar aure ta Indonisiya duk abin da aka samu bayan ɗaurin aure na miji da mata ne tare, saboda haka in matar baƙo ta sayi fili, baƙon ya sami rabo a ciki ke nan, abin da dokar filaye ta hana, kuma wanda ya faɗa cikin wannan hali shekara ɗaya ake ba shi ya rabu da filin ko ya koma hannun gwamnati. A da sai kafin aure ko lokacin ɗaura shi ake iya yin wannan yarjejeniya, amma a 2016 Kotun Tsarin Mulki ta yanke hukuncin cewa ana iya yinta bayan aure. Aka rubuta, aka karanta mana sakin layi bayan sakin layi, muka sa hannu a kan kan sarki na rupiya 10,000, sannan muka kai ofishin harkokin addini aka shigar da ita cikin littafin aurenmu. In ba a yi wannan shigarwa ba, ofishin filaye ba zai kula takardar ba.

Ba zan ɓoye ba, sa hannun nan ya yi mini nauyi. Kuɗin da na tara ne za a saya da su, ga shi kuma ina rubuta da hannuna cewa ba ni da haƙƙi a cikin gidan. Na tambayi notaris ɗin matsayin 'ya'yanmu, ta ce yaran auren gauraye suna riƙe ƙasa biyu har su kai shekara 18, sannan a ba su shekara uku su zaɓi ɗaya, kuma muddin mutum yana riƙe da wata ƙasa ban da Indonisiya ba zai riƙe cikakkiyar mallaka ba. Wani ya ba ni shawara a shagon kofi cewa in sayi filin da sunan wani amintacce mu rubuta takarda a ɓoye tsakaninmu. Dokar 1960 ta ce irin wannan ciniki ɓatacce ne, filin ya zama na gwamnati, kuɗin da aka biya kuma ba a neman su. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne a wannan yanki gida dama na mace ne bisa al'ada, iyaye kan ba 'yarsu gida miji ya tare a wurinta, don haka babu wanda ya ga wani abin mamaki a lamarina.

Daga nan muka koma ƙauye, inda ainihin cinikin yake. Dagaci ya tara mu a meunasah bayan isha'i tare da dattawan majalisar gari da limami da mai sayarwa da maƙwabtan filin ta kusurwa huɗu. Aceh tana da al'ada da ake kira hak langgeh, wadda duk wanda ya karanta babin shufa'a a littattafan fiƙihu zai gane ta nan take: ba a sayar wa wani fili sai an fara tayin dangi da maƙwabta da mutanen gari. Dagaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko suna so, kowa ya ce ya yafe, aka rubuta, suka sa hannu. Na tambaye shi, "Pak Keuchik, tunda matata 'yar gari ce, wannan zama ya zama dole?" Ya kira ni da laƙabin girmamawa ya ce, "Teungku, takardar ofishin filaye na Jantho tana hana gwamnati taɓa ku, wannan kuwa ita ce za ta hana maƙwabci." Washegari da safe aka zaga iyaka, kowane maƙwabci ya tsaya a gefensa. An ɗan yi gardama a kan wata bishiyar mangwaro, aka daidaita cewa gindin namu ne, 'ya'yan da suka faɗa wancan gefe na maƙwabci ne, aka kafa turakun siminti.

Matakin da ya fi cin lokaci shi ne na magada, kuma a nan nake so mai karatu ya fi mai da hankali. Ambaliyar ta tafi da masu filaye da shaidunsu da iyakokinsu, ta kuma lalata takardun ofishin filaye na Banda Aceh. Daga 2005 aka yi wani shiri da tallafin ƙasashen waje ta hannun Bankin Duniya, inda mutanen kowane ƙauye suka zauna suka tantance wa ke da ina, aka ba da sababbin takardu. Takardar gidan da muke so ta fito a wannan shiri da sunan wata dattijuwa da ta tsira, wadda ta rasu daga baya. Mai sayar mana ɗanta ne, kuma da gaske yake yana ganin gidan nasa ne. Da limami ya zauna ya lissafo zuriyar sai ga 'yar'uwarsa da ke aure a Meulaboh, ga kuma wani ɗan'uwa da ke aiki a Malesiya. Notaris ta ce ba za ta rubuta komai ba sai an tabbatar da magada a hukumance, kuma saboda yawan waɗanda suka rasu a gidan rana ɗaya ta fi son hukuncin kotun shari'a a kan takardar dagaci kaɗai. Aka shigar da buƙata a kotun shari'a ta Jantho, tare da takardun shaidar mutuwa da jadawalin zuriya mai hatimin dagaci da na hakimin yanki, da shaidu biyu daga dattawan gari. Zaman kansa gajere ne. Alƙali ya tambayi shaidu wa ya rasu a ruwa, wa ya rasu bayansa, wa ya bar 'ya'ya, kuma ɗaya daga cikin dattawan nan sai da ya tsaya ya share ido kafin ya gama jero sunayen. Abin da ya ja lokaci shi ne takardar wakilci daga na Malesiya, wadda sai da aka tabbatar da ita a ofishin jakadancin Indonisiya a can. Watanni muka yi muna jira, har mai sayarwa ya fara tunanin ko mun fasa. A Aceh filin da mai shi ya rasu babu magajin da aka sani yana komawa hannun Baitul Mal, saboda haka in aka ce maka fili "ba shi da kowa", wannan dalilin tsayawa ne a yi bincike.

Da hukuncin ya fito sauran aikin ya tafi a tsare. An kai asalin takardar ofishin filaye aka duba ko ta dace da littafinsu, ko an jinginar da ita, ko akwai ƙara a kanta, kuɗin dubawar rupiya 50,000. An fara mayar da sunan zuwa na magadan. An nemi rasit na harajin fili na shekara-shekara, aka tarar akwai bashin 'yan shekaru, ba mai yawa ba, aka cire daga kuɗin ciniki. Mai sayarwa yana biyan harajin kashi 2.5 cikin ɗari na farashi, mai saye kuma kashi 5 cikin ɗari bayan an cire wani adadi da aka yafe, wanda a gidan ƙauye yakan rage harajin ƙwarai. Ladan mai rubuta takardar ciniki doka ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari. A wasu yankunan karkara hakimin yanki ne ke rubuta wannan takarda, mu dai mun tsaya wurin notaris ɗinmu tunda tana da wannan izini. Ranar sa hannu magadan suka hallara, aka karanta, matata ta sa hannu, ni kuwa ina zaune a kujerar baya. Sauya suna a ofishin filaye ya ɗauki wasu makonni, sannan takarda ta fito.

Biyan kuɗin yana buƙatar shiri tun da wuri. Wata dokar lardin ta 2018 ta wajabta cewa duk bankin da zai yi aiki a Aceh ya bi tsarin Musulunci, abin da ya sa bankunan kuɗin ruwa suka rufe rassansu zuwa 2021. Katin da na zo da shi daga gida bai yi aiki a na'urorin da na gwada ba, don haka a hankali muka riƙa turo kuɗin cikin asusun matata, muna ajiye shaidar kowane turi. Magadan sun so a ba su a hannu, amma notaris ta dage a tura wa kowa rabonsa a asusunsa, kuma na ga hikimar haka, domin babu wanda zai ce gobe ɗan'uwansa ya danne masa.

Ba a tarewa sai an yi peusijuek, wato al'adarsu ta sa wa sabon gida albarka. Limami ya zo da wani ɗaurin ganyaye da ruwa da shinkafa, ya yayyafa a ƙofa da kusurwoyin gida da tafukan hannuwanmu yana salati da addu'a, aka ci shinkafa mai danƙo, aka ciyar da maƙwabta da marayu. Wanda ya taso da wata fahimtar yana iya jin wani iri, amma ƙin yi a ƙauye daidai yake da cewa ba ka buƙatar mutane. Gyaran gidan ya ci kuɗi fiye da duk harajin da muka biya. Iskar teku tana cin ƙarfe, kwanon rufi da ƙusoshi da sarƙar babur duk tsatsa take kamawa, musamman a watannin iskar yamma daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin da teku ke hauka kifi ya yi tsada. Rijiyar gidan zartsi gare ta, sai wanka da wanki, na sha kuwa a manyan robobi ake saye. Wutar lantarki ta kati ce, kuma mitar tana da sunan marigayiyar, ita ma sai da aka sauya.

Zaman kansa yana da nasa haƙƙoƙi da ba a rubuta ba. Masunta ba sa fita teku ranar Juma'a, haka ma ranakun salla da ranar 26 ga Disamba, kuma shugabansu na gargajiya, panglima laot, shi ke hukunta wanda ya saɓa. Da magariba gari yakan yi tsit, a rufe shaguna. Aikin gayya na share masallaci da magudanar ruwa ba a aika wakili. In aka yi rasuwa ana zuwa addu'a dare bakwai, kuma ana lura da wanda bai zo ba. Kafin azumi da kafin kowace salla akwai meugang, ranar da kowane magidanci zai sayi nama, surukin gida kuwa ana sa ido a ga abin da zai kawo. Mutanen Shafi'iyya ne, kuma dokokin shari'a na lardin suna aiki a kan sutura da keɓancewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, don haka baƙon da ya zo da iyalinsa ya riƙe shaidar aure a jakarsa.

Wanda ke da niyyar bin wannan hanya, shawarata ita ce ya fara da haya. Takardar haya mai kan sarki da sa hannun dagaci ta isa, baƙo yana iya yinta da sunansa, kuma shekara ɗaya za ta nuna masa inda ruwa ke kwanciya da damina da kuma wane maƙwabci ne ke da rigima. In ya yanke shawarar saye, yarjejeniyar raba dukiya ita ce farko, kafin a ba da ko sisi. Ya tambayi sunan da ke kan takarda, ya tambayi ko mai sunan yana raye, in ya rasu ya nemi limami ya lissafo masa zuriyar, kada ya dogara da lissafin mai sayarwa. Filin da ba shi da takardar ofishin filaye, sai wasiƙar dagaci kawai, ana iya sayensa, amma sai an kawo safiyo an auna an kuma liƙa sanarwa, kuma wannan wani dogon aiki ne na daban. Kowace tafiya ofis a riƙe asali da kwafi na fasfo, izinin zama, littafin aure, katin iyali da yarjejeniyar raba dukiya, tare da 'yan kan sarki a aljihu, domin a ƙauye sai an je gidan waya na hedikwatar yanki kafin a same su. In kuma aka sauya gida, ko da a cikin gari ɗaya ne, sai an sanar da ofishin shige da fice sabon adireshin.